Kowa da Red John ɗinsa

Wanda bai gama kallon The Mentalist ba ya tsaya nan, don zan faɗi sunan mai kisan.

An fara nuna shirin a Amurka a 2008. Labarin Patrick Jane ne, mutumin da ke cin kuɗin jama'a da ƙaryar yana magana da matattu. Wata rana ya yi wa wani makashi ba'a a talabijin, ya koma gida ya tarar an kashe matarsa da 'yarsa, an zana fuska mai murmushi da jini a bango. Wannan makashi shi ne Red John. Mu da muka kalla da Faransanci a Damagaram, John le Rouge muka san shi.

A ƙarshen zango na 5, a 2013, Jane ya tace waɗanda yake zargi suka koma mutum 7, dukansu ya taɓa musabaha da su. Daga nan fadarmu ba ta sake shan shayi cikin lumana ba. Abin da na lura da shi, wanda har yau yake raina, shi ne ba hujja ce ke sa mutum ya zaɓi wanda yake zargi ba. Miki ne.

Abokinmu malamin makaranta, wanda ya sha wuya a hannun wani shugabansa, ya kafe a kan Gale Bertram, daraktan hukumar binciken da Jane ke wa aiki. A ganinsa mugu yana can sama, bayan tebur, yana sa hannu a takarda. Wani kuma, da wani mai da'awar warkarwa ya raba yayarsa da dukiyarta, ya rantse Bret Stiles ne, jagoran ƙungiyar Visualize, mai daɗin baki da tarin mabiya. In ka kawo masa hujja goma, sai ya ce: "Ku dai ba ku san irin mutanen nan ba."

Ni kuwa idona na kan masu ɗamara. Ina yaro na sha bin mahaifina fatauci, na kuma ga wani jami'i a shingen hanya ya tsare shi tun hantsi har la'asar, yana ta yi masa raha, yana tambayar iyali. Tun ranar nake tsoron mai ƙaramin iko da yawan fara'a fiye da mai babban iko da ɗaure fuska.

A watan Nuwamba 2013 aka fasa ƙwai: Thomas McAllister ne, shugaban 'yan sandan gundumar Napa, wanda ya bayyana tun kashi na 2 na zangon farko yana wasan hannu da Jane kamar wani sakarai. Masu kallo da yawa sun ji haushi. Shekara 5 ana jiran dodo, sai ga wani dattijo mai tsoron tattabara, yana roƙon a bar shi da ransa kafin Jane ya shaƙe shi.

Ban yi murnar cewa ya dace da zatona ba, don ba basira ce ta kai ni can ba, tsohon tsoro ne. Amma ina ganin marubucin shirin, Bruno Heller, ya faɗi gaskiyar da ba ma son ji. Muna so mugu ya zama gawurtacce, saboda hakan na rage mana kunyar cewa ya yaudare mu. In kuwa mutum ne kamar kowa, wanda muka gaisa da shi muka wuce, to babu alamar da za ta cece mu.

Akwai kuma ɗaya gefen, wanda ya fi damuna. A fada, zargin wanda bai ji ba bai gani ba wasa ne: 6 daga cikin 7 ɗin nan ba su ne Red John ba, ko da yake wasunsu ba tsarkaka ba ne. A unguwa kuwa, in aka yi sata ko yaro ya ɓace, da irin wannan lissafin muke nuna yatsa, kowa na bin mikinsa. Bambancin shi ne a can babu zango na gaba da zai wanke wanda aka ɓata wa suna.