Ɗaki Biyu a Kissimmee

Iyali mai mutum bakwai da ya nufi Disney World, kusa da Orlando a Amurka, tun daga gida yake fara lissafin makwanci. Yawancin ɗakunan otal na mutum huɗu ne, dole a kama biyu, kuɗi ya ninka.

Shi ya sa nake ganin girman iyayen da ke sauka a garin Kissimmee da ke kusa, bakin hanya mai lamba 192, inda ƙananan otal-otal masu araha suka yawaita bayan buɗe Disney World a 1971. Gaskiya, iyayen nan suna da abin da suke rasawa. Masu kwana a otal ɗin Disney kan shiga wurin shaƙatawar rabin awa kafin kowa, bas na kai su kyauta. Na waje kuwa sai ya yi sammako, ya biya kuɗin ajiye mota.

Amma yaron da ya wuni cikin rana yana bin layi, wanka da gado kaɗai yake nema da dare. Idan ɗakin na da ɗan kicin, uwa za ta dafa shinkafa da hannunta, hankalin mai neman halal ya kwanta. Rarar kuɗin kuma tana iya sayen tikitin kaka, a tafi da ita.