Bindigar iska a hannun yaro: abin da nake gaya wa masu kawo min ita Sharada

1/ Ni ma'aikacin ƙarfe ne, shekarata 19 ina gyaran injina tsakanin Sharada da Challawa. Kwanan nan tambaya ɗaya ake yawan yi min: wace bindigar iska ce ta dace da yaro, kuma ko zan iya ƙara mata ƙarfi? Bari in amsa gaba ɗaya. Zaren yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri.

2/ Mu fara da doka, don nan mutane suka fi tsallakewa. Dokar bindigogi ta Najeriya ta 1959 ta sa bindigar iska a rukuni ɗaya da bindigar farauta. Ma'ana sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda. Kuma ba a bai wa wanda bai kai shekara 17 ba.

3/ Gyaran ma haka. Dokar ba ta bar kowa ya buɗe bindiga ya gyara ko ya haɗa ba sai mai izini. To kun ga "ai ta wasa ce" ba hujja ba ce. Hedikwatar 'yan sandan Kano ga ta nan a Bompai, ka je ka tambaya kafin ka fitar da kuɗinka.

4/ Iri uku aka fi gani. Akwai mai sifirin, wadda ake karya bututunta a ɗana. Akwai mai ƙaramar kwalbar gas. Sai mai tanki, wadda ake ɗura wa iska har wajen ba 200. Tayar motarka ba 2 da 'yan kai take sha. Lissafa da kanka.

5/ Ga matashin da ya kai shekarun, mai sifirin mara ƙarfi ita ce zaɓina. Ba famfo, ba tanki, harsashi ɗaya take ci. Kafin ya sake harbi sai ya tsaya, ya karya, ya sa harsashi, ya rufe. Wannan jinkirin shi ne malaminsa na farko.

6/ Abu uku nake dubawa, kuma sunan kamfani ba ya ciki. Na ɗaya nauyi: kilo 2.5 zuwa 3 ya isa. Na biyu tsawon ƙota: in ya kafa ta a kafaɗa, yatsansa ya kai kunama ba tare da ya miƙe wuya ba. Na uku: ya iya ɗana ta shi kaɗai ba nishi.

7/ Na ukun nan ya fi muhimmanci. Yaron da sifirin ya fi ƙarfinsa zai dafe ta da ciki ko gwiwa yana kokawa, bakinta yana yawo ko'ina. In bututun ya kuɓuce masa kuwa, da ƙarfi yake komawa, yatsa ko haɓa ne ke biya.

8/ Za ka ga kwali an rubuta gudun ƙafa 1,000 a daƙiƙa, baƙi manya-manya. Talla ce, yawanci da harsashi mara nauyi ake auna ta. Ƙananan samfura irin Weihrauch HW30 ta Jamus ba su kusa da wannan gudun, amma an san su da saiti da sauƙin ɗanawa.

9/ Dubi ƙasashen da ke ƙera su. A Jamus, wadda babba zai saya ba lasisi ba ta wuce jul 7.5, shi ne ma'aunin ƙarfin harbi. A Ingila iyakar kusan jul 16 ce. Masu gasar Olamfik kuwa daga mita 10 suke harbi da harsashin milimita 4.5, ɗigon tsakiya rabin milimita ne. Ba ƙarfi suke nema ba.

10/ Yanzu batun gyara. Wani magidanci ya taɓa shigo min da tasa a buhu, wai in feƙe masa ƙarfe in cusa bayan sifirin don ta "ƙara zafi" wa ɗansa ɗan shekara 13. Na ce, Alhaji, aikin ba ya fi ƙarfina ba ne, amma ba zan yi ba. Ya ce, Malam, ko kuɗin ne? Na ce zauna in nuna maka.

11/ A cikinta sifirin ne ke tura fistin, fistin ya matse iska, iska ta kori harsashi. Duk wannan yana faruwa harsashin bai bar bututu ba tukuna. In ka ƙara wa sifirin tauri, bindigar za ta yi tsalle baya da gaba, saiti ya watse, kunama ta ɗauki nauyin da ba a yi ta don shi ba.

12/ Kunamar da ta gaji ita ce ke tashi da kanta. Ka ga ke nan ka biya kuɗi an mayar maka da bindigar da ba ta samun abin da ka nufa, sai abin da ba ka nufa ba.

13/ Sai masu ɗiga baƙin mai ta ramin iska don su ji ƙara da hayaƙi. Abin da ke faruwa a injin dizal ne ke faruwa a nan: iskar da aka matse ta yi zafi, man ya kama da wuta. Yana ƙona robar fistin, yana karya sifirin. Harba ta ba harsashi ma ɓarna ce, fistin yana dukan ƙarfe kai tsaye.

14/ Tsofaffin samfura fata ce a kan fistinsu, shi ya sa wasu ke neman guntun fata wajen abokanmu na masana'antun jima a Challawa. Waccan fatar tana son ɗan mai. Na zamani roba ce, ba ta so. Maganin wata gubar wata ne.

15/ Wannan kuwa don Allah ku yaɗa: kar wanda ya kuskura ya ɗura wa mai tanki iskar silindar masu walda. Iskar oksijin ce, in ta haɗu da maiƙo a matse tana iya fashewa a hannunka. Don silindar tana kusa da kai a Sharada ko Dakata ba shi ne dalili ba.

16/ Gyaran gida na gaskiya ba ya buƙatar buɗe ciki. Ɗaure kusoshin ƙota in sun saki. Goge ƙarfen da tsumma mai ɗan mai saboda tsatsar damina. Rufe ta daga ƙurar hunturu. Gwada harsashi iri biyu uku ka ga wanda ta fi so. Sauran ka bar wa mai izini.

17/ Harsashin dalma ne, kuma yara suna son tara shi a baki don saurin ɗanawa. Mu da muka ga abin da dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu, ba sai an yi mana dogon wa'azi ba. Ba a sa shi a baki, kuma a wanke hannu kafin a ci abinci.

18/ Tambayar da ta fi wuya: a ina zai yi harbin? Gidajenmu a Ja'en da Panshekara katanga ɗaya muke rabawa da maƙwabta. Harsashin da ya daki bulo dawowa yake, wanda ya tsallake katanga kuma ba ka san kan wa zai sauka ba. Ido ba ya da kayan gyara a kasuwa.

19/ Nawa ɗan shekararsa 14, kuma ya dame ni da maganar kamar kowane yaro. Na ce masa sai 17, sai da takarda, sai kuma na ga inda za a kafa buhun yashi nesa da mutane. Ya yi fushi na kwana biyu. Yanzu ranar Asabar yana bina wajen aiki, yana koyon riƙe zarto da awo.

20/ In ɗanka ya kai, ka bi doka, ka zaɓi mara ƙarfi, ka kulle ta a inda kai kaɗai ke da makulli, harsashi a wani wajen daban. In bai kai ba, "a'a" ma tarbiyya ce. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya kare su. Amin.