Zuwa Nguru, Inda Kachala ta Shiga Aji

Daga Kano zuwa Nguru hanya ce mai tsawo, sai dai ba ta gundurar mai kallo. Mun bi ta Gezawa da Gujungu muka sauka Haɗeja, daga nan muka miƙe ta Birniwa. Lokacin hunturu ne, gonakin tudu sun bushe, kara a tattare, ƙura ta lulluɓe gari. Da muka kusanci ƙasar Yobe sai goriba ta fara yawa, ga mata a bakin titi da tabarmin kaba da ƙullin busasshen kifi. A Nguru layin dogon da ya taso daga Kano ya tuƙe, kuma garin ya tara Mangawa da Badawa da Hausawa da Fulani, kowa da abin da yake nema a ruwa.

Ruwan shi ne dalilin zuwana. A wannan yanki kogin Haɗeja da na Jama'are suke bazuwa cikin fadamu kafin su haɗu su zama kogin Yobe, wanda yake gangarawa Tafkin Chadi. A shekarar 2000 aka sa Tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar. Tsuntsaye kan taso tun daga Turai su yi hunturu a nan tare da ɗinya da kirinjijiya da zalɓe na gida. Wani masunci ya zaga da ni a kwalekwale, amma ba mu yi nisa ba ciyawar kachala ta tare mu, ta fi mutum tsawo, ta cushe hanya. Ya ce da can ta nan suke wucewa har ƙauyen surukansa.

Mai masaukina malamin firamare ne, shi ya ja ni makarantarsu in ga yadda wata abokiyar aikinsa take bitar darasin muhalli da 'yan aji biyar kafin jarrabawa. Na tarar an jingine bencina a bango, yara sun yi da'ira a gindin darbejiya. Kayan aikin Malama ba su wuce yankakken kwalin taliya, alli da ƙullin zaren saƙa ba. Kowane yaro ya rataya kwali a wuya da sunan abu ɗaya: rana, gansakuka, shinkafa, gero, karfasa, tarwaɗa, kwaɗo, fara, jan baki, shaho, masunci, ƙwayoyin ruɓa.

Wasan farko na tsere ne. Ta zana gidaje uku a ƙasa: masu samar da abinci, masu ci, masu ruɓar da matattu. Da ta tafa, kowa ya ruga gidansa. Wanda ya shiga gidan da ba nasa ba, sai ya kare kansa ko ya fita. Yarinyar da ta rataya kwaɗo ta tsaya a tsakiya tana gardama, wai ita tana cin ƙwari kuma zalɓe yana cin ta, to ina za ta? Malama ta ce, "Madalla, 'yata. Ke mai ci ce kuma abin ci. Riƙe wannan, yanzu za ki ga amfaninsa."

Sai aka ɗauko zare. Rana ce ta fara riƙe bakinsa, ta jefa ƙullin ga gansakuka, gansakuka ta jefa wa karfasa, karfasa ta jefa wa masunci. Sharaɗin shi ne ba ka jifa sai ka faɗi alaƙarku da cikakkiyar jimla, kuma ka sa kalma ɗaya daga cikin na darasi: mazauni, mafarauci, abin farauta, sarƙar abinci. Kafin wani lokaci zaren ya sarƙe tsakaninsu ta ko'ina. Malama ta ce wa karfasa ta saki nata, duk wanda ya ji zarensa ya yi sako-sako ya ɗaga hannu. Hannaye suka tashi har a can gefen da babu kifi.

Daga nan ta fito da kwalin da ta ɓoye, mai ɗauke da sunan kachala, ta rataya wa wani dogon yaro ya shiga tsakiya. "To, wa zai ji daɗin zuwan wannan baƙo?" Jan baki ya yi tsalle, ya ce ya samu wurin kwana da na sheƙa. Gero ya ce to shi kam ya shiga uku, domin babansa kan kwana a gona da gwangwani yana korar tsuntsu. Masunci ya ce jirginsa ba zai wuce ba. Babu wanda ya buɗe littafi, kowa abin da ya gani a gidansu yake faɗa, Malama kuma tana saka masa sunan da zai tarar a takardar jarrabawa. Mai jin kunya ma ba shi da mafaka, tunda zare yana hannunsa kuma sai ya yi magana zai rabu da ƙullin.

Da aka tashi na ce, "Malama, ba kya tsoron a ce wasa kawai kuke yi?" Ta ce, "Malam, ai wasan ba ya koyar da sabon abu, bita ce. Sai na gama darasi a allo nake fito da su. A nan nake gane wanda ya haddace da wanda ya fahimta." Ta ce washegari kowa zai zana sarƙar da ya shiga a littafinsa, da wannan take ba da maki.

Wani yaro ya tambaye ni daga ina nake. Da na ce Kano, sai ya ce ashe mu ne muke riƙe musu ruwa. Yana da hujja. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya yadda kogin Haɗeja yake zuwa: ambaliyar damina da ke cika fadamu ta ragu, wasu magudanan da kan ƙafe da rani kuma suka daina ƙafewa, kachala ta samu wurin zama. Ruwan nan shi muke sha a birni, da shi ake noman tumatir da shinkafa a Kadawa da Kura.

A hanyar komawa na yi ta lissafin makarantun unguwarmu. Yaranmu suna haddace sarƙar abinci da zaki da barewar da ba su taɓa gani ba, alhali famfon gidansu yana da alaƙa da gonar geron wani a Nguru. Kwali da zare ba su da tsada. Idan malamin aji biyar a Kano zai shirya wasan, ya ƙara kwalaye biyu, ɗaya na madatsar ruwa, ɗaya na mutumin birni, ya bar yaran su gano da kansu wanda zarensa zai saki idan an ja nasu.