Alhamis a Maigatari: Abin da Ɗan Zangon Kumasi Ya Gani a Bakin Iyaka

Kakana bafatake ne. Daga ƙasar Gumel ya taso da jakuna ɗauke da kanwa, ya bi hanyar Gwanja neman goro, Allah ya yi zamansa a Kumasi, can ya yi iyali, can aka binne shi. Mu jikokinsa a Zango muka tashi, muna jin sunan Gumel kamar garin cikin tatsuniya. Abin da ya hana zumunci yankewa shi ne korar baƙi da gwamnatin Busia ta yi a Gana a 1969. Baffana na cikin waɗanda ta rutsa da su, ya tattara iyalinsa ya koma garin da bai taɓa gani ba. A watan Janairun 2025 babban ɗansa, wanda nake kira Yaya, ya tashi aurar da 'ya, ya ce ba ya karɓar uzuri. Na tsallaka iyaka uku ta Lome da Kwatano da Legas, na kwana a Kano, washegari na kama hanyar Gumel.

Ni ɗan ƙasar kurmi ne, inda itatuwa ke tare wa mutum gani. A nan kuwa sai na ga sama ta sauko har ƙasa ta kowace fuska, ido na tafiya har ya gaji. Hazo ya rufe rana, sanyin hunturu na fasa leɓe. A cikin gonakin da aka girbe, komai ya bushe sai wata itaciya da ta yi kore shar. Na tambaya, aka ce gawo ke nan: da damina yake zubar da ganye ya bar wa gero rana, da rani ya yi sabon ganye ya ba dabbobi inuwa da abinci. A ƙasar Gagarawa na ga buhunan riɗi jibge a bakin titi, na ga zoɓo a shanye ja wur, wanda aka ce har Meziko ake kai shi.

A ƙofar fadar Gumel na zauna da wani dattijo, aminin marigayi baffana. Da ya ji daga inda na fito sai ya nuna arewa da sandarsa ya ce, "Ɗana, ka san tsohon birnin wannan masarauta yanzu a Nijar yake?" Ya ba ni labarin yadda Ɗan Juma da Mangawansa suka kafa sarautar wajen 1750, yadda ta bi Barno ba ta shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba, da yadda a 1845 aka taso da gadon sarauta daga Tumbi aka dawo Gumel. Da Turawan Ingila da na Faransa suka zo suka kakkafa alamun iyaka tsakanin 1906 da 1908, sai Tumbi ta faɗa hannun Faransa, Gumel ta faɗa hannun Ingila. Na ga gaskiyar maganarsa ran kai amarya. Wani ƙauye ne a ƙasar Sule Tankarkar, kuma uwar ango 'yar Dungas ce, danginta sun cika gida suna ta guɗa. Ba ka raba su da mu sai sun ce lakwal inda ake cewa makaranta, ko jandarma, ko duwan a maimakon kwastan.

Ran Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, tun da asuba Yaya ya tashe ni. Na san kasuwar Kejetiya ta Kumasi, na ɗauka babu kasuwar da za ta ƙara ba ni mamaki. Amma ban taɓa tsayawa kusa da raƙumi ba sai ranar. Ga su nan garke-garke, wasu a tsaye an ɗaure musu ƙafar gaba, wasu a durƙushe suna tuƙa. Na matsa kusa da wani amale, na ga gashin idonsa zara-zara, na ga yadda yake tsuke hancinsa idan iska ta taso da yashi, na ga tafin ƙafarsa shimfiɗe kamar faifai. Mai shi Buzu ne, ya naɗe fuska da rawani baƙi mai sheƙi, idanu kaɗai ake gani. Can gaba jajayen shanun Bararo, ƙahonsu ya fi tsawon hannuna. Sai tumakin Uda, waɗanda na daɗe ina kallo ina tasbihi: daga kai zuwa tsakiyar ciki duhu, daga nan zuwa wutsiya fari tas, kamar an auna da zare. Tireloli sun jeru ana loda su zuwa Legas da Fatakwal da Anaca. A wata rumfa na tarar da kanwa tsibi guda, na ɗauki gutsure na lasa, hawaye ya zo mini, don ita ce ta kai kakana Kumasi.

'Yan canji na zaune da naira a hannun dama, sefa a hannun hagu. Mutanen Nijar da dala suke lissafi, sefa biyar ke nan, dubu kuma su ce jaka. Yaro ƙarami zai juya maka wannan kuɗi zuwa wancan a ka, kafin ka buɗe wayarka.

A teburin mai shayi na fara jin abin da ke ci wa mutane tuwo a ƙwarya. Makonni kaɗan kafin zuwana, ran 25 ga Disamba 2024, shugaban mulkin sojan Nijar, Janar Abdurahman Tiani, ya yi doguwar hira a gidan talabijin na ƙasarsa. Ya zargi Faransa da shirya wa Nijar ta'addanci daga cikin ƙasar Najeriya da sanin hukumominta, ya ambaci 'yan bindigar Lakurawa da dazukan Sakkwato, ya kama sunan manyan jami'ai. Malam Nuhu Ribadu, mai ba shugaban Najeriya shawara kan tsaro, ya fito a Sashen Hausa na BBC ya ƙaryata, ya ce babu sansanin sojan Faransa a Najeriya, mai shakka ya je ya duba. Kafin nan Yamai ta kira jami'ar ofishin jakadancin Najeriya ta nuna ɓacin ranta kan harin da aka kai wa bututun man da ya tashi daga Nijar zuwa Benin. Ita ma rundunar tsaron Najeriya, a watan Nuwamba, cewa ta yi Lakurawa ta Nijar suka kwararo, bayan juyin mulki ya raunana sintirin haɗin gwiwa a bakin iyaka. Kowa na nuna gidan maƙwabcinsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne harshen da aka yi wannan sa-in-sa da shi. Tiani da Hausa ya yi zargin, Ribadu da Hausa ya mayar da martani. Babu tafinta a tsakani. Mai shayi da Buzu da direban tirela duk sun ji da kunnensu, a waya ɗaya ake miƙa wa juna. Wani mai raguna daga Magarya ya ce shi dai ya yarda da shugabansu, Faransa ba ta tafi don tana so ba. Wani ɗan Gumel ya ce to sai a kawo shaida. Murya ta fara tashi, sai aka kira sallar azahar, suka tashi suka yi alwala da buta ɗaya.

Yaya ya ba ni labarin yadda aka zo nan. Ran 26 ga Yuli 2023 sojoji suka kifar da Shugaba Muhammad Bazum. Kwana huɗu bayan haka ƙungiyar da a nan ake kira Ekowas, a tsallake ake ce mata Sedeyawo, ta zauna a Abuja ta ƙaƙaba takunkumi, ta ba da wa'adin mako guda, har da barazanar amfani da ƙarfi. Aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar. Ya ce, "Ƙanena, da ka zo a lokacin, da ka yi kuka. Karan nan da kake gani sai ka ƙirga raƙuman da ke ciki." Masu dabbobi suka koma bin daji da dare, masu dako da 'yan kamasho da mata masu abinci suka zauna zugum. Kullum ana kwana da fargabar a ce yaƙi ya tashi, alhali wanda za a harba surukinka ne. Janar Abdussalami Abubakar da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar sun je Yamai, Muhammadu Sanusi na Biyu ya je, malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau sun je. Su suka fara yayyafa wa wutar ruwa. An ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, an buɗe iyaka a Maris, amma zukata ba su buɗe ba. Ina Gumel ake ƙirga kwanakin da suka rage Nijar da Mali da Burkina Faso su kammala ficewa daga ƙungiyar ran 29 ga Janairu.

Da la'asar muka taka zuwa shingen iyaka. Na zaci zan ga katanga ko kogi. Ƙarfe ne aka gitta a titi, da ofis, da tuta. Hagu da dama gonaki ne, karan gero iri ɗaya a kwance, kuma na ga akuya ta tsallaka daga wannan ƙasa zuwa waccan tana kiwo. Iyakar kuwa a miƙe take kusan kilomita 1,500, daga Kebbi har Tafkin Chadi. Wane soja ne zai tsare wannan shi kaɗai? Ɗan bindiga ya san idan an koro shi daga nan zai tsallaka can, kuma ya san masu koransa ba sa ɗaga wa juna waya. Duk ranar da Abuja da Yamai suka kwana da gaba, shi ne ya ci riba. Mutanen Tangaza da Gudu, da 'yan'uwansu na jihohin Dosso da Tawa, su ke biya da jininsu da shanunsu.

Mu 'yan Zango mun san wannan ciwo. An kori iyayenmu a 1969, sannan a 1983 gwamnatin Shagari ta kori 'yan Gana daga Najeriya. Waɗanda suka sa hannu a takardun sun shuɗe, amma har yau akwai gidajen da ba su sake haɗuwa ba. Shi ya sa na bi labarin bayan na koma gida. Na ji Nijar ta janye daga rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Chadi a Maris na 2025, raina ya ɓaci. Na ji Ministan Harkokin Wajen Najeriya, Yusuf Maitama Tuggar, ya je Yamai a Afrilu ya zauna da takwaransa Bakary Yaou Sangaré, sun yi maganar farfaɗo da hukumar haɗin gwiwar da ƙasashen biyu suka kafa tun 1971, na yi hamdala. A Mayu kuma, gab da Babbar Sallah, Nijar ta dakatar da fitar da dabbobi, Yaya ya kira ni yana cewa rago ya gagari talaka. Taku ɗaya gaba, taku ɗaya baya.

Kafin mu bar kasuwar a ranar nan na tsaya kallon cinikin wata taguwa. Mai ita daga bayan Damagaram ya zo, mai saye Bakano ne. Aka taya, ya ce albarka, ya kau da kai. Mai saye ya ce ai taguwar ta tsufa, mai ita ya harzuƙa ya kama akala zai tafi. Wani tsohon dillali ya riƙo hannunsa da dama, ya riƙo na Bakanon da hagu. Ya ce wa wannan, "Alhaji, ƙara dai, dabba ce ta kirki." Ya ce wa wancan, "Malam, dubi nisan da ka yi, kada ka koma da ita." Sau uku suna fizge hannu yana sake kamowa, har aka ce an sallama, aka shafa fatiha. Na tambaye shi ko bai gajiya. Ya ce, "Ɗana, Alhamis mai zuwa ma nan za su haɗu. Ba su da wata kasuwar."

Gutsuren kanwar nan na gidana a Kumasi. Na nuna wa 'ya'yana, na gaya musu daga inda ta fito, na ce su riƙa sa mutanen bakin iyakar nan a addu'a, na tsallake da na gida, Allah ya ba shugabanninsu dattijon da zai riƙe hannayen biyu ya ƙi saki.