Fijon marigayi da tayin da na yi

Kwana biyu kun ji ni shiru, wasu har sun aiko suna tambayar ko lafiya. Lafiya lau, wani ciniki ne ya hana ni sakat, kuma tunda ya ƙare bari in ba ku labari.

Duk ɗan Illela da ya kai shekara arba'in ya san irin motar: Fijo 504, doguwar nan mai kujera layi uku. Wadda nake magana a kai ta wani dattijon direba ce da ya yi shekaru yana jigila tsakanin Illela da Sakkwato. A cikinta aka fara kai ni makaranta Sakkwato, ina matse a kujerar baya da akwatin ƙarfena, muka bi ta Gwadabawa da Kware. Allah ya yi masa rasuwa bara, Allah ya jiƙansa. Tun daga nan motar tana ƙarƙashin wata darbejiya a ƙofar gidansa, tayoyi sun sace, awaki suna kwana a ƙarƙashinta. Da na ji iyalinsa za su sayar don a raba gado, sai zuciyata ta tsaya a kanta.

Abokaina sun yi mini dariya, kuma ban ga laifinsu ba. Wai a wannan zamanin, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura dubu kafin ƙarshen 2024, ni kuma ina neman mota mai kafireta da ke shan mai kamar raƙumi ya sauka rijiya. Mu nan bakin iyaka ma mun riga kowa ɗanɗana wahalar mai, tun a Nuwamban 2019 da aka hana kai shi gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Duk na sani. Amma wanda bai taɓa shiga 504 a hanyar da ruwa ya cinye ba, ba zai gane ba. Kamfanin Peugeot ya fito da ita a Faransa a 1968, shekara ta zagayo aka zaɓe ta motar shekara a Turai, a 1975 kuma ta ci tseren Safari na Kenya. A wannan shekarar ce masana'antar Kaduna ta fara haɗa motocin Peugeot, kuma bayan Faransa ta daina yin 504 da daɗewa, Kaduna ta ci gaba har bayan shekarar 2000. Zamanin mulkin soja na Obasanjo ita ce motar manyan gwamnati. Ba ta da kwamfuta, ba ta da wani boka da za a jona mata kafin a gane ciwonta. Bakanike da sifana biyu da sukundireba ya ishe ta.

To sai batun kuɗi. Na tura wa wani dillali, ya je ya dawo yana murmushi, ya ja ni gefe.

"Malam, wagga mota taka ce. 'Yan gwangwan sun zo sun taya dubu ɗari huɗu, su yanka ta su auna. Kai dai ka ce ɗari biyar da hamsin, wallahi da gudu za su sallama. Ba su san kuɗinta ba, kuma a matse suke."

Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin maganar. Dubu ɗari takwas na tara, ke nan zan saya har in yi saura na gyara. Ranar da fara'a na shiga gida.

Washegari na ɗauko bakanikena, tsohon hannu ne da ya koyi aiki a kan Fijo tun yana yaro. Ya ce kada in kalli fenti, fenti ƙarya ne. Ya ɗaga tabarmar ƙasa yana ƙwanƙwasa ƙarfe da sifana, ya duba gindin ƙofofi da wurin ajiye batir, inda tsatsa ke fara cin 504. Nan ƙasarmu ta taimaka, busasshiyar iska ba ta cin bodi kamar yadda take ci a Legas. Ya kwanta ya leƙa ƙasanta ko an taɓa walda bayan haɗari, babu. Muka sa batir na aro, ya ɗiga mai a kafireta, a bugu na huɗu ta tashi. Ya tsaya bayan salansa yana kallon hayaƙi, ya ce shuɗi ne, tana ƙona baƙin mai, sai an sauke inji. Lagireto na yoyo, kuloci ya kusa, shakazoba biyu sun mutu, tayoyi huɗu duk na zubarwa ne. Giya kuwa lafiya lau. Ya duba lambar jikin mota ya gwada da ta takarda, sun yi daidai, kuma haɗin Kaduna ce, don haka babu fargabar takardar kwastan, wadda a garinmu ita ce rabin kuɗin mota.

Na ce, "Oga, tsakaninka da Allah, nawa ce?"

Ya ce, "Irin wagga in tana tafiya lafiya ba ka samun ta ƙasa da miliyan ɗaya da rabi. Gyaranta zai ci kamar ɗari huɗu da hamsin. Cire ka gani."

Na cire. Miliyan ɗaya da dubu hamsin. Kusan ninkin abin da dillali ya ce in faɗa.

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Na dinga kawo wa kaina hujja. Ai ciniki yarda ne, in na taya suka ce sun sallama, wa na zalunta? Ai ni na fi 'yan gwangwan. Ai da ban zo ba haka za ta ruɓe. Duk gaskiya ne. Amma da a kasuwar Lahadi ne, ni da Bafulatani muna jayayya a kan sa, ya san dabbarsa na san kuɗina, in na taya ƙasa ya ce albarka, babu wanda ya cuci wani. Nan kuwa tsohuwa ce da ba ta daɗe da fita takaba ba, da 'ya'ya, uku daga ciki ba su balaga ba. Abin da na furta shi malamin rabon gado zai rubuta. Na zauna na buga lissafi a waya: tumunin matar a dubu ɗari biyar da hamsin naira 68,750 ne. Mutum ya yi shekara talatin yana tuƙi, a ce abin da matarsa za ta samu a motarsa ke nan, saura kuma yana aljihuna da sunan na iya ciniki. Ni da ke rubutu kullum a nan ina zagin masu cin haƙƙin talaka, kun san ni.

Da la'asar na je gidan, babban ɗan ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, Inna tana daga bakin ƙofa. Na gaya musu komai: abin da 'yan gwangwan suka taya, abin da bakanike ya ce za ta yi in an gyara, da kuɗin gyaran. Na ce ni tayina miliyan ɗaya, ɗari takwas yanzu, ɗari biyu ƙarshen wata in an yi albashi. Na ƙara da cewa kada su yi gaggawa, su bari ta kwana biyu ko wani zai fi ni.

Inna ta yi shiru, can ta ce, "Ɗan nan, ashe haka take da daraja? Mu ce mana anka yi ƙarfe ne kawai." Ta sa mini albarka har na ji kunya.

Dillali da ya ji, sai da ya biyo ni bakin masallaci. "Malam mi kai haka? Ka ɓata ciniki, ka ɓata man la'ada, kuma wallahi ka rasa motar." Na ce masa la'ada ai a kan miliyan ta fi yawa. Ya ce ba zan gane ba. Daga baya na fahimci ya so ne ya karɓa a hannuna a ɓoye bayan wadda zai karɓa a wurinsu.

A batun rasa motar kam ya fi ni gaskiya. Tunda aka sake buɗe iyaka a Maris ɗin 2024, bayan rufewar da ta biyo juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, mutanen Ƙonni da kewaye sun dawo kasuwarmu, kuma da ƙarfinsu. Jaka ɗaya ta sefa da muka sani a naira ɗari shida da 'yan kai, yau ta haura dubu biyu. Abin da muke gani da tsada, su a wurinsu araha ne. Ranar Lahadi wani Alhaji daga can ya zo sayen shanu, aka kai shi ya ga motar. Ko inji bai sa an tayar ba. Ya ajiye jaka ɗari biyar, lakadan, wanda a canjin ranar ya kama miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu da wani abu.

Yaron ya kira ni kafin su amsa, ya ce Inna ta ce in ina so a bar mini a yadda na taya. Na daɗe da waya a kunne. Allah ya sani na so in ce to. Na ce masa su sallama wa Alhajin, bambancin ya isa kuɗin makarantar ƙannensa.

Ranar Talata ina zaune wurin mai shayi aka wuce da ita, an sa mata tayoyin aro, tana tafe tana shuɗin hayaƙi ta nufi bakin iyaka. Mai shayi ya ce, "Malam, ba motarka ce waccan ba?" Na ce masa ya ƙaro sukari. Matata har yau tana tsokanata wai na yi wa wani ciniki kyauta, dillali kuwa in mun haɗu sai ya kau da kai.

Dubu ɗari takwas ɗina dai suna nan, kullum naira tana rage musu ƙarfi. Don haka duk wanda ya san inda wata 504 take kwance, a Gada ko Gwadabawa ko Tangaza, in dai bodinta bai ci tsatsa ba kuma takardunta na nan, ya yi mini magana. Da bakanikena zan zo.