Ga Kyamara, Ina Filim?

Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. To, mu 'yan tsirarun da har yanzu muke ɗaukar hoto da tsofaffin kyamarori masu cin filim, miyarmu ta daɗe da ƙarewa, amma ba mu tashi daga gaban akushi ba. Mai amfani da ƙaramin filim ɗin nan na milimita 35, irin wanda masu hoto suke yawo da shi gidajen biki a da, nasa da sauƙi, domin har gobe ana yin sa. Haka ma filim mai lamba 120, wanda kamfanin Kodak na Amurka ya fito da shi a 1901, mai faɗin kusan milimita 61. Wahalar tana ga wanda kyamararsa take neman abin da ya fi wannan faɗi. Shi kam ga doki a turke, lafiyarsa lau, amma babu ciyawa a kasuwa.

Ya mai karatu, kada ka ɗauka waɗannan manyan filimai baƙi ne. A zamaninsu su ne ruwan dare. Mai lamba 116 ya fito a 1899, faɗinsa milimita 70, ba a daina yin sa ba sai a 1984. Mai lamba 122 ya fito a 1903, hotonsa inci uku da kwata ne a faɗi, inci biyar da rabi a tsawo, daidai girman katin gaisuwa na gidan waya, aka tsayar da shi a 1971. Sai kuma babbar yayarsu, kyamarar Cirkut ta farkon ƙarni na 20, wadda ake ɗaure wa zare kamar agogo, ta riƙa juyawa a kan ƙafafunta tana share taron jama'a daga wannan gefe zuwa wancan. Filim ɗinta ya kama daga inci 5 har inci 16 a faɗi. Da ita ake ɗaukar rundunar soja ko makaranta sukutum, har yaro mai wayo yakan tsaya a farkon layi, ya zaga ta baya da gudu ya tsaya a ƙarshe, ya fito sau biyu a hoto guda. Kai, hotunan da aka ɗauko a duniyar wata a 1969 ma, a kan filim mai milimita 70 suke, cikin kyamarar Hasselblad.

To, me ya sa abin da ake yi da yawa ya zama sai an tona? Amsar tana ga yadda ake yin filim. Masana'anta takan shafa maganin a kan wani ƙaton bandir wanda faɗinsa ya wuce mita guda, sannan a tsaga shi da wuƙaƙen inji gwargwadon faɗin da ake so, duk a cikin duhu. Sauya zaman wuƙaƙen nan aiki ne mai cin lokaci da kuɗi, ga asarar gefe-gefe. Babu ɗan kasuwar da zai farke bandir saboda mai neman ƙyalle ɗaya. Da hoton dijital ya kwashe masu saye, manyan kamfanonin kansu suka jigata: Ilford na Ingila ya durƙushe a 2004 kafin manajojinsa su saye shi a 2005, Kodak kuma ya nemi kariyar kotu saboda bashi a 2012. Wanda yake ta kansa ba ya ɗaukar kayan wani.

Duk da haka akwai ƙofa ɗaya da muke zuba wa ido. Masana'antar Ilford da ke Mobberley, kusa da Manchester, takan buɗe 'yan makonni sau ɗaya a shekara, ta karɓi odar girman da ba a saba yi ba ta hannun dillalanta, ta tara su, sannan ta yanka gaba ɗaya. Kayan ba sa isowa sai bayan watanni. Idan muka dubi tsarin nan, adashe ne tsaf: wani yana Japan, wani yana Jamus, wani yana nan, ba su san juna ba, amma zubin kowa shi ne yake sa ɗan'uwansa ya kwasa. Wanda ya yi barci lokacin zubi, sai baɗi idan da rai.

Hanya ta biyu ita ce filim ɗin da aka yi don ɗaukar hoton ƙasa daga jirgin sama, na masu zana taswira da na soja, irin su Aviphot na kamfanin Agfa da ke Beljiyam. Yakan zo a milimita 70, ko inci 5, ko inci tara da rabi, a naɗe cikin gwangwani. Yawancin wanda yake faɗowa hannun irinmu kwantai ne, wa'adinsa ya wuce, ba a san irin ɗakin da ya kwana ba. Sayensa cinikin biri a sama ne, sai an yanki ɗan guntu an wanke kafin a san ko hazo ya cinye shi. Idan ya yi kyau, sai aikin tela ya tashi. Mai kyamarar 122 zai kafa reza a jikin katako, ya ja filim mai inci 5 ta kanta ya rage shi zuwa kusan milimita 90, cikin duhun da ko tafin hannunsa ba ya gani, domin irin wannan filim ko jar fitila ba ya jurewa. Yatsu ne idanu a wannan aiki.

Ba a nan ta tsaya ba. Filim na naɗi yana buƙatar kwarkwaron da za a naɗe shi a kai, da baƙar takardar da take kare shi daga haske, mai ɗauke da lambobin da ake leƙawa ta 'yar jar taga a bayan kyamara. Su ma an daina yin su, shi ya sa muke adana tsofaffi kamar takardar gona. Sannan ga hanya: sababbin na'urorin binciken kaya a filayen jirgin sama suna iya lalata filim, masu yin sa da kansu sun yi gargaɗi. Ga kuma zafi, babban abokin gabarsa. A bazarar ƙasarmu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, firji ba ya da tabbacin wuta, maganin wanki kuwa digiri 20 yake so, sai mun haɗa da mai ƙanƙara. Tunda abin wanke filim mai wannan faɗi ma ya yi wuya, mukan riƙe bakinsa biyu mu yi ta tsoma shi a daro, hannu ɗaya sama ɗaya ƙasa, har lokaci ya cika.

Sau da yawa 'yan'uwa sukan tambaye mu, duk wannan wahala ta mece ce, alhali ga waya a aljihu? Ba mu raina waya ba, mu ma da ita muke aika gaisuwa. Amma babban nagetif ba ya buƙatar a ƙara masa girma. Ana ɗora shi a kan takarda ne a haska, hoto ya fito yadda yake, a ga aikin allura a wuyan riga, a gane fuskar wanda yake can layin baya. Idan aka wanke shi da kyau aka adana, jika zai ɗaga shi ga hasken rana ya ga kakansa, ba tare da caji ko lambar sirri ba. Wayoyi nawa suka faɗa ruwa da hotunan suna da na aure a cikinsu?

Abin da neman filim ɗin nan ya koya mana shi ne, sana'a ba ta mutuwa ranar da masana'anta ta rufe, sai ranar da masu yin ta suka daina neman juna. Mu marubuta mun san wannan, domin da taro da sisi muke haɗawa mu buga littafi. Saboda haka, duk wanda ya ci karo da tsohuwar kyamara mai zuga-zugi a cikin adakar mahaifinsa, kada ya miƙa wa 'yan gwangwan. Ya duba cikinta, watakila akwai kwarkwaro da takarda, kuma akwai mai nemansu ido rufe. Allah ya ba mu haƙurin jira, ya sa mu ga zubin baɗi.