Tsohon Keke a Utrecht, Tsohon Keke a Kakuri

A ƙasar Holand kekuna sun fi mutane yawa. Ana ƙiyasta keke wajen miliyan 23, alhali jama'ar ƙasar kusan miliyan 18 ne. A nan Utrecht, gindin tashar jirgin ƙasa, akwai ma'ajiyar da ke cin keke 12,500, wadda aka kammala a 2019. Abin da ya yi yawa haka, tsohonsa ba ya rasa kasuwa, kuma yadda suke cinikin ya sha bamban da wanda na tashi na gani a kudancin garin Kaduna.

Bature idan zai rabu da kekensa, wanki kawai yake yi masa. Ya goge sarƙa ya ɗiga mata mai, ya ba tayoyi iska, ya duba birki da ƙararrawa da fitilun gaba da baya, domin doka ta wajabta su. Daga nan ya ɗauki hotuna ya ɗora a Marktplaats, kasuwar intanet da suke cinikin kayan hannu tun 1999. Cikin hotunan har da na tsatsar madigadi da yagewar sirdi, a ƙasa kuma ya rubuta cewa giya ta biyu tana zamewa. Ba don sun fi mu tsoron Allah ba ne. Kuɗin aikin hannu ne ke da tsada: canjin taya da sarƙa a shago na iya cinye rabin kuɗin keken, don haka gara ya faɗi aibin ya rage farashi, mai saye ya san inda zai dosa. Fenti kuwa ba mai yi. Tsohon Gazelle ko Batavus da ya sha sabon fenti, zargin farko shi ne na sata ne aka ɓad da kamarsa.

Sata ce ta tsara musu komai, domin ana sace dubban ɗaruruwan kekuna duk shekara. Kowane keke yana da lamba da aka buga a jikin ƙarfensa, galibi ƙarƙashin mahaɗar feda. Mai saye yakan durƙusa ya karanta ta, ya shigar a shafin Stop Heling na 'yan sanda, ya ga ko an kai rahoton sata. Sayen kayan da ya kamata mutum ya gane na sata ne laifi ne a dokarsu, ko da ya biya kuɗinsa lakadan. Idan lambar ta fita tsaf, a biya ta waya, kowa ya kama gabansa. Ba a san juna ba, ba kuma za a sake haɗuwa ba.

Mu a tsallaken kogin Kaduna keke yana da tarihi. A 1957 aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri, su Nortex da UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya, kamfanin haɗa motoci na Peugeot ya fara aiki a 1975. Dubban ma'aikatan da ke fitowa daga unguwannin Makera da Nasarawa da Television, da yawansu a kan Raleigh ko Phoenix suke zuwa. Keke a lokacin kadara ce, irin wadda ake juyarwa idan kuɗin makaranta ya tsaya ko aure ya matso. KTL ta rufe a 2002, UNTL a 2007, babur ya mamaye titi, keke ya koma hannun 'yan makaranta da masu gadi da manoman bakin kogi. Sai da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 magidanta suka koma neman abin da suka jingine a bayan ɗaki.

A can, kafin keke ya ga kasuwa sai ya kwana wajen mai gyara. Zai kifa shi a kan sirdi da kai, ya warware cibiyar taya, ya wanke boris da kananzir a gwangwanin madara, ya shafe su da giris ya mayar ɗaya bayan ɗaya. Ya juya wili yana ɗaure wayoyi har rawar ta tsaya. Ya tsoma tub a ruwa yana neman inda iska ke fita, ya yi faci. Abin da a Utrecht za a jefar, a Sabon Tasha sai an tashe shi, kuma ina ganin wannan gwaninta abin alfahari ce. Har kekunan da Turawa suka gaji da su, waɗanda muke kira Beljiyam, a hannun waɗannan mutane suke ƙara shekaru suna aiki. Inda nake da ja shi ne mataki na ƙarshe: baƙin fenti, sabuwar rigar sirdi, roba mai launi a hannaye. Ado ba laifi ba ne, mai saye ma yana so. Amma na ga keken da aka yi wa walda a wuya aka lulluɓe da fenti, ya karye da yaro a gangara. Malaman fikihu sun daɗe da bayyana cewa wanda aka ɓoye wa aibi yana da ikon mayar da kaya, sai dai haƙorin da ya fita ba ya komawa.

Cinikin kansa yana da daɗin da babu shi a nan. A gefen Kasuwar Monday ta Kakuri, ko a inuwar mai faci, dillali ne a tsakiya.

"Baba, nawa wannan?"

"Samari, hau ka zaga tukuna, sannan ka taya."

Ya zaga ya dawo, ya taya, a ce albarka. Ya ƙara, a ce da saura. Dillali ya ja mai keke gefe su yi ƙus-ƙus, ya dawo ya ce an sallama. A ƙirga kuɗi gaban shaidu, a cire la'ada, a yi addu'a Allah ya sa a kashe lafiya. Dillalin nan shi ne rajistar. Ya san mai keken, ya san gidansu, idan magana ta taso gobe shi za a fara kamawa, shi ya sa ba ya karɓar kayan wanda bai sani ba sai da mai tsaya masa. Kuma idan sarƙa ta tsinke bayan kwana biyu, akwai wanda za ka je ka yi wa ƙorafi ido da ido. Wanda ya sayi keke a Marktplaats daga hannun mutum ba shi da wannan gata; sai in daga shago ya saya, inda galibi ake ba da garantin 'yan watanni a kan farashi mai tsada.

Damuwata ita ce sanin junan da tsarin namu ya dogara a kai ya yi rauni. Rikice-rikicen Kaduna na 2000 da 2002 sun sa iyalai da yawa sun ƙetare kogi, wasu kudu wasu arewa, maƙwabtan shekara da shekaru suka rabu. Garin kuma ya miƙe har Gonin Gora da Kamazou, cike da baƙin fuska. Yanzu ma matasa a Facebook da WhatsApp suke tallan keke, ba dillali ba shaida. Wato mun saki namu, ba mu kama na Bature ba, kuma ɓarawo ne ke cin ribar wannan giɓi. Wanda aka kama da keken sata shi ke kwana a ofishin 'yan sanda, ko da da guminsa ya saya.

Ba na fatan mu zama Holand, inda ciniki ke ƙarewa ba a ko tambayi lafiyar iyali ba. Abin da nake so mu ara ƙarami ne, ba ya kuma jiran gwamnati. Raleigh da Phoenix da Beljiyam duk suna da lamba a jikinsu. Masu gyara da dillalan kowace kasuwa za su iya ajiye littafi guda: kwanan wata, lambar keke, sunan mai sayarwa da lambar wayarsa, sa hannun shaidu biyu, da duk inda aka yi walda. Mai saye ya tafi da kwafinsa, wanda aka yi wa sata kuma ya kawo lambarsa a rubuta a shafin baya, ta yadda duk keken da aka kawo Kakuri ko Television ko Sabon Tasha za a duba shi kafin a taya.